Yadda Kiristoci Suka Yanka wa Addu'a Lokaci

Mutane da yawa a ƙasar Hausa sun ɗauka Kirista ba shi da lokacin addu'a, sai sujadar Lahadi da duk sa'ad da ransa ya so. Wanda ya zauna da Kibɗawan Masar zai yi musu. Har yau suna riƙe da littafinsu mai suna Agbiya, wanda ya raba yini da dare zuwa lokutan addu'a 7.

Abin gado ne daga Yahudawa. Littafin Daniyel ya nuna shi yana durƙusawa sau uku a yini, tagarsa a buɗe wajen Urushalima. Almajiran Yesu ma ba su yar da al'adar ba: a Ayyukan Manzanni an ga Bitrus da Yahaya sun nufi Haikali a sa'a ta tara, wato ƙarfe uku na yamma, domin a lissafin zamanin daga fitowar rana ake fara ƙirga. Wani ɗan littafi da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na 1, ya umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku kullum. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan na birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya ambaci sa'a ta uku da ta shida da ta tara, ban da safe da maraice.

Sufaye ne suka ƙara wa abin nauyi. Na hamadar Masar sun mai da Zabura abincinsu na dare da rana. Sai Benedikt, wanda ya kafa gidan sufaye a Monte Kasino ta Italiya wajen shekara ta 529, ya rubuta ƙa'ida: taro bakwai da rana, ɗaya cikin dare, kuma a sauke Zabura 150 kowane mako. Ko a hakan yana ganin sassauci ya yi, don a cewarsa magabata a yini guda suke saukewa. A ganina hikimarsa tana nan: ya gane cewa in aka bar addu'a sai an ji nishaɗi, ranar da aka fi bukatarta ita ce ranar da ba za a yi ba. In ƙararrawa ta kaɗa, mai fartanya ya ajiye, mai alƙalami ya ajiye.

Amma manomi mai iyali ina zai kai wannan kaya, ga shi da Latin da ba ya ji? Sannu a hankali addu'ar sa'o'i ta koma aikin sufaye da limaman coci. A 1549 Thomas Cranmer, babban bishop na Kantabari, ya tattara lokutan addu'ar ya mai da su biyu, Addu'ar Safe da Addu'ar Yamma, da harshen Ingilishi da kowa ke ji.

Wannan tsari na Angilikan shi 'yan mishan na ƙungiyar CMS suka zo da shi Arewa. Ɗaya daga cikinsu, Likita Walter Miller, ya zauna a birnin Zariya, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma daga nan mai bi a Wusasa ko Jos ya iya buɗe Zabura da asuba ya karanta wa iyalinsa kafin a fita gona.