Maciji Ko Tsumma? Taƙaitaccen Tarihin Zato A Ƙwaƙwalwa



Mu da muka tashi a ƙasar Birnin Gwari mun san yadda mota ke yin tsit idan ta baro Kaduna, ta wuce Buruku ta shiga daji, magariba na kawo kai. Can sai a hango mutum tsaye a gefen kwalta da wani abu a kafaɗa. Fartanya ce ko bindiga? Direba ba shi da lokacin tantancewa, ko ya juya ko ya taka totur. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a irin wannan lokaci abin da aka saba ji shi ke gaya wa ido abin da zai gani. Masana sun fi shekara dubu suna bin diddigin wannan al'amari.

Wajen shekarar 1020, Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, ya kammala littafinsa Kitabul Manazir. A ciki ya nuna cewa ido haske da launi kawai yake karɓa, hankali ne yake gwada su da abin da ya riga ya sani har ya gane abu. Ya ba da misali da mai karatu, wanda idan ya ga kalmar da ya saba da ita yakan gane ta ba tare da ya bi harafi-harafi ba. Wannan ne ma ya sa kuskuren rubutunmu yake ɓoye mana komai yawan bitar da muka yi. A 1867 Bajamushe Hermann von Helmholtz ya sake jaddada batun, ya ce gani hukunci ne da ƙwaƙwalwa ke yankewa ba da saninmu ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da maganar ta rai da mutuwa. Mai lura da na'urar rada yana ganin ɗigo a allo, dole ya ce jirgin abokan gaba ne ko ba komai ba ne. A 1954 Tanner da Swets na Jami'ar Michigan a Amurka suka ɗauko lissafin rada suka gwada shi a kan ganin ɗan Adam. Sun raba abu biyu: ƙarfin idon mutum daban, inda ya ajiye ma'auninsa na cewa "na gani" daban. Wanda ke tsammanin hari, alama kaɗan ta ishe shi.

A watan Satumba na 2025 mujallar Nature ta buga aikin haɗin gwiwar ɗakunan bincike 12, inda aka auna ƙwayoyin ƙwaƙwalwa fiye da 600,000 a kan ɓeraye 139. Ana nuna wa ɓera hoto a dama ko hagu, ya juya 'yar taya zuwa inda ya dace, a ba shi ruwa mai zaƙi. Na ɗan lokaci hoton yakan fi fitowa a gefe ɗaya, sau 80 cikin 100. Idan aka dusashe shi har ba ya ganuwa, sai ɓeran ya karkata ga gefen da ya saba. Masu binciken sun tarar da alamar wannan zato a sassa da yawa na ƙwaƙwalwa, har da sassan farko da ke karɓar saƙon ido. Ashe karin maganar nan ta wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, tana da mazauni a cikin kai.

Zato yakan ceci rai, kamar yadda ya ceci direbobi da dama a hanyarmu. Amma mun ga ɗaya fuskar a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, daren 3 ga Disamba 2023, lokacin da jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi, hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85. Rundunar ta ce kuskure ne, an ɗauke su a matsayin 'yan bindiga.

To ina ruwan marubuci? Ɓera daga abin da ya faru da shi yake tara zatonsa, mu kuwa har daga abin da muka karanta. Idan duk Bafulatanin da ya fito a labarinmu ɗan fashi ne, duk mutumin daji mugu ne, to mun taya mai karatu sauke ma'auninsa, gobe zai ga makiyayi da sanda ya rantse bindiga ya gani. Tun da aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, waɗanda suka daɗe suna tsoron juna suna haɗuwa a kara ɗaya, kowa da abin da yake ɗauke da shi a kansa.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya ɗauko labarinsa na ƙarshe, ya duba wa ya ba matsayin mugu, kuma da wace alama ya sa mai karatu ya gane shi. Idan sutura ce ko harshe ko ƙabila, a sake zama a kansa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.