Yawon buɗe ido a Legas da Badagry: wuraren zuwa, hanyoyi da abin kiyayewa

Akwai mutanenmu da suka shekara ashirin a Agege, Mile 12 ko Idi-Araba, amma in ka cire hanyar kasuwa da tashar motar Arewa ba su san ko'ina a Ikko ba. Wasu ko teku ba su taɓa gani da idonsu ba. Alhali da jakar baya guda ɗaya da 'yan kuɗin mota, mutum zai iya zaga manyan wuraren tarihin garin a kwana biyu, kuma da yawansu suna da alaƙa da tarihin Hausawa kai tsaye.

Lokacin da ya fi dacewa

Damina a Legas tana da ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. A lokacin ruwa hanyoyi kan cika, teku kuma ta yi fushi. Daga Nuwamba zuwa Maris ya fi sauƙi, sai dai a ƙarshen Disamba cunkoso da tsadar kaya suna ƙaruwa. Safiyar Asabar da ta Lahadi ita ce lokacin da gosulo ya fi sauƙi.

Yadda za a je

Wanda ke Agege yana iya shiga jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, ya bi ta Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba har Oyingbo. Blue Line kuma tun 2023 yake zirga-zirga tsakanin Mile 2 da Marina, tafiyar kilomita 13. Da katin Cowry ake biyan kuɗin jiragen biyu da motocin BRT, don haka a zuba masa kuɗi tun daga gida. Kada a dogara da okada: tun 1 ga Yuni 2022 aka hana su aiki a ƙananan hukumomi irin su Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da Lagos Island, kuma dokar tana kama har fasinja. Mai zuwa ta mota zai hau gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990.

Tsibirin Legas

A fara da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka kafa a 1957. A nan aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Daga nan da ƙafa za a isa Dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin samun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960.

A titin Broad akwai Freedom Park, tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010. Idan azahar ta yi, Babban Masallacin Legas yana titin Nnamdi Azikiwe. Kusa da shi a titin Martins akwai Masallacin Shitta-Bey na 1894, mai fasalin ginin Birazil. Muhammad Shitta ne ya gina shi da dukiyarsa, Sarkin Daular Usmaniyya kuma ya ba shi laƙabin Bey.

Obalende ma tana da labarinmu. A 1863 Kyaftin John Glover ya haɗa rundunar Hausawa a Legas, akasarinsu bayin da suka tsere, wadda daga cikinta ne sojan Najeriya da 'yan sanda suka samo asali. Daga baya sojojin Hausawa da iyalansu suka zauna a Obalende, shi ya sa har yau ba a rasa Hausa da tsire a unguwar.

Lekki da bakin teku

Lekki Conservation Centre daji ne mai faɗin hekta 78 da aka killace a 1990. Akwai birai, tsuntsaye da kunkuru, sannan ga gadar igiya mai lilo a saman bishiyoyi, tsawonta mita 401. Ana biyan kuɗin shiga, na hawan gadar daban. A riƙe leda da kyau, biran wurin ba su da kunya, fizge abinci suke yi.

Masu tuna Bar Beach su sani babu ita yanzu, an cike wurin da yashi an gina Eko Atlantic. Mafi yawan bakin tekun da suka rage a Lekki sai an biya ake shiga, kuma da yamma kiɗa da shaye-shaye sun yi yawa, mai iyali gara ya je da hantsi. Tarkwa Bay kuwa sai ta jirgin ruwa ake zuwa, ana samunsa a wajen Marina da Falomo.

Badagry

Wannan tafiyar yini guda ce, a yi sammako. Ana samun mota daga Mile 2 ko Iyana-Iba. Garin yana dab da iyakar Seme, shingayen jami'an tsaro suna da yawa a hanya, saboda haka katin shaida ya zama dole.

Badagry tana cikin tashoshin da aka riƙa loda bayi zuwa ƙetaren teku. Ana iya ganin gidan Seriki Williams Abass mai ɗakuna 40 na tsare bayi. Shi kansa an taɓa bautar da shi yana yaro, ya dawo ya zama dillalin bayi, daga baya kuma jagoran Musulmin garin. Akwai sarƙoƙi da mari a gidan tarihin iyalan Mobee, akwai wurin tsohuwar kasuwar bayi ta Vlekete, da benen 'yan mishan na 1845 da ake kira bene na farko a Najeriya. Sai a tsallaka da kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka cikin yashi har bakin teku, inda wanda aka kai ba ya dawowa. Cikin waɗanda aka kwasa daga wannan gaɓa zuwa Bahia ta Birazil har da Hausawa. Su suka shirya tawayen 1807 a can, kuma suna cikin Musulmin da suka tayar da na 1835 a watan Ramadan.

Abin kiyayewa

Tekun Legas ba kogi ba ce. Ko gwanin iyo a Kogin Kaduna ko dam ɗin Tiga, igiyar ruwa tana iya jansa ciki ta ƙarƙashin ƙafa. Kada ruwa ya wuce gwiwa, kada a saki hannun yaro. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo ta gefe yana bin layin gaɓa, yana ɗaga hannu.

Kada a shiga jirgin ruwa ba rigar kariya, ko wanda aka cika maƙil, ko bayan magariba. A yi ciniki da mai jirgi da ɗan jagora kafin a tashi, a tabbatar kuɗin na zuwa da dawowa ne. A cikin kasuwa da tasha a mayar da jaka gaba. A ɗauki ruwan sha, dadduma ƙarama, hula, caja da canji, don ba ko'ina tiransifa ke tafiya ba. Kar a ɗauki hoton barikin soja ko shingen jami'ai. Lambobin gaggawa na Jihar Legas su ne 112 da 767, a sanar da wani a gida inda aka nufa da lokacin da ake sa ran dawowa.