Daga Makin Ci Zuwa Gasa: Tarihin Zaɓen Ƙwararrun Baƙi a Kanada

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda ƙasar Kanada ta mayar da zaɓen ƙwararrun baƙi ya zama lissafin maki, da kuma yadda lissafin ya rikiɗe daga jarrabawar da kowa ke iya ci, ya koma gasar da sai mutum ya kayar da wani yake samun shiga.

2.0 Asalin Tsarin

Kafin shekarar 1962, ƙofar Kanada a buɗe take ga Turawa, su kuwa mutanen Afirka da Asiya sai dai hange daga nesa. A wannan shekara ce minista Ellen Fairclough ta soke yawancin ƙa'idojin da suka dogara da launin fata. Sai dai an bar hukunci a hannun jami'in shige da fice, wanda ke iya karɓa ko ƙi yadda ya ga dama. Don toshe wannan kafa aka fito da tsarin maki a 1967, inda ake auna mai nema da abubuwa tara, ciki har da ilimi da shekaru da sana'a da jin Ingilishi ko Faransanci. Wanda duk ya sami maki 50 daga cikin 100 ya haye. Ostireliya ta bi sahu a 1979, Birtaniya kuma a 2008.

Abin lura a nan shi ne, cin wani ba ya hana wani ci. Wannan sassauci ne ya haifar da cunkoso. An ɗaga makin zuwa 75 a 2002, aka sake sauke shi zuwa 67 a 2003, takardu suka yi ta taruwa har wasu suka shekara bakwai suna jira. A 2012 gwamnati ta soke takardun mutum kimanin 280,000, ta mayar musu da kuɗinsu. Shekarun da suka ɓata kuwa ba wanda ya biya su.

3.0 Shigowar Gasa

A watan Janairun 2015 aka ƙaddamar da tsarin Express Entry. Maki 67 ɗin nan bai gushe ba, amma ya zama izinin shiga layi kawai. A cikin layin ana jera masu nema bisa wani sabon ma'auni mai maki 1,200, lokaci-lokaci hukuma ta ɗebi na sama ta gayyace su. Ashe ke nan makin ci ba shi da tsayayyen adadi. Yawan guraben da aka buɗe da ƙarfin abokan takara su ke yanke shi. Duk wanda ya san yadda jami'o'in Nijeriya ke tsayar da makin shiga sashen likitanci bayan jarrabawar JAMB ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Misali guda ya isa. A watan Fabrairun 2021, lokacin annobar korona, an gayyaci mutum 27,332 masu ƙwarewar aiki a cikin Kanada, makin ya faɗo har 75. A 2024 kuwa, zaɓen gama-gari bai sauko ƙasa da 500 ba. A watan Oktoban shekarar aka rage yawan baƙin da za a karɓa a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000.

Wanda wannan ya fi yi wa ciwo shi ne ƙwararren da ya manyanta. Cikakken makin shekaru na 'yan 20 zuwa 29 ne. Daga 30 yake fara zagwanyewa, a 45 ya ƙare ƙurmus. Sakamakon jarrabawar harshe ma shekara biyu yake yi ya mutu. Wato injiniyan da ya daɗe yana aiki a Kaduna ko Legas makinsa raguwa yake yi alhali yana zaune cikin layi, kuma a ganin mai nazari wannan ma'auni ya fi auna ƙuruciya bisa ga gwaninta.

Tun daga 2023 aka ware gurabe na musamman ga wasu rukunoni, kamar ma'aikatan lafiya da masu jin Faransanci, waɗanda makinsu kan yi ƙasa da na gama-gari. Hakan ya sa 'yan Kamaru suka shigo sahun gaba tare da 'yan Indiya da 'yan Nijeriya, har wasu masu digiri daga ƙasashen rainon Ingila suka koma aji suna koyon Faransanci. A watan Maris na 2025 kuma aka soke makin da ake ba mai takardar alkawarin aiki, domin an gano cewa takardar ta zama hajar sayarwa a hannun dillalai.