Ikilisiyar Basel a Gana da maɓuɓɓugan kuɗinta

Dattawanmu na zango sun san kantunan UTC na Akara da Kumasi, amma kaɗan ne suka san cewa asalinsu kantin mishan ne. Tarihin da ke bayan wannan kanti shi ne yadda wata ikilisiyar Kirista ta rayu bayan an yanke mata hanyar taimako daga Turai.

A shekarar 1828 ne 'yan mishan na farko daga birnin Basel na Siwizalan suka sauka a Osu, a ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau. Zazzaɓi ya yi musu ɓarna ƙwarai, har Andreas Riis ya hau tudun Akropong a 1835 don neman iska mai lafiya. A wancan zamani kusan kowane kwabo daga Turai yake zuwa.

Shugabannin Basel sun ga cewa kyautar attajirai ba abin dogaro ba ce, yau a bayar gobe a hana. Don haka a 1855 suka ƙirƙiro tarin rabin batsan, wani ɗan ƙaramin tsabar kuɗi da talaka zai iya bayarwa kowane mako. Masu tarawa, galibinsu mata, suna bi gida-gida a ƙauyukan Siwizalan da kudancin Jamus. Abin da ake rainawa sai ya zama ɗaya daga cikin manyan ginshiƙan mishan ɗin.

Hanya ta biyu ita ce ciniki. Ɗan kantin da aka buɗe a Osu don biyan buƙatun ma'aikata ya bunƙasa, har a 1859 aka mai da shi kamfani mai masu hannun jari, wanda wani kaso na ribarsa ke shiga aikin mishan. Yana shigo da kaya, yana fitar da manja. Masu suka sun ce wa'azi da awo ba sa zama inuwa ɗaya, kuma a ganina ba su rasa hujja ba, domin mai saye ba ya bambanta fasto da mai kanti idan duk rufi ɗaya ya rufe su. Gwamnatin mulkin mallaka ma ta riƙa ba makarantunsu tallafi, gwargwadon sakamakon dubawar jami'anta.

Amma maɓuɓɓugar da ta fi ƙarko tana hannun mabiya ne. An ɗora wa kowane baligi kuɗin ikilisiya, ga baikon ranar Lahadi, ga bikin godiyar girbi. Da farko abin da ake samu bai taka kara ya karya ba, sai da koko ya zo (ba kokon da muke sha da ƙosai ba, wanda ake yin cakulan da shi). Tetteh Quarshie, maƙerin da ya koyi sana'a a hannun 'yan Basel, ya komo da irinsa daga tsibirin Fernando Po, ya dasa a Mampong a 1879. Zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai Gwalkwas fitar da koko a duniya. Manoman Akuapem da Akyem suka samu abin hannu, suka riƙa gina majami'u da makarantu da guminsu.

Jarrabawa ta zo da Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ƙarshen 1917 Ingila ta fara kwashe 'yan mishan na Basel daga ƙasar saboda alaƙarsu da Jamus, sannan ta ƙwace kadarorin kamfanin. Ƙofa biyu suka rufe kusan lokaci guda. Duk da haka ba a rufe majami'u ba. 'Yan mishan na Sukotlan suka zo taimako, amma ba su da yawa, nauyin ya faɗa kan 'yan ƙasa. A watan Agusta na 1918 aka yi babban taro a Akropong, aka zaɓi Peter Hall shugaba, Nicholas Clerk kuma magatakarda. A 1926 ikilisiyar ta ɗauki sunan Presbyterian, sunan da take amsawa har yau.

Shi kuwa kamfanin, sai a 1928 aka mayar masa da kadarorinsa. Ya raba gari da mishan, ya ci gaba da ciniki da sunan UTC.