Ɗaukar hoton rawa cikin zaure da filashi: abin da ya kamata a sani

Daren biki ba ya maimaituwa. Idan amarya ta shiga fili, makaɗa suka ɗaga kalangu, dangi suka taso yin liƙi, daƙiƙoƙi kaɗan mai ɗaukar hoto yake da su. Yawancin zaurukan biki a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ba su da wadataccen haske, ga masu rawa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Shi ya sa hotuna da yawa ke fitowa ko dai a dagule, ko kuma fuska ta yi fari fat, baya ya yi baƙi ƙirin kamar cikin rijiya.

Haske biyu ne a hoto ɗaya

Duk hoton da aka ɗauka da filashi haske biyu ne ke haɗuwa a cikinsa: na fitilun zaure da na filashin. Walƙiyar filashi gajera ce ƙwarai, sau da yawa kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ko ƙasa da haka, kuma ita ce ke tsayar da motsin mai rawa. Saurin ƙiftawar kyamara kuwa shi ke ƙayyade yawan hasken zauren da zai shiga. Idan aka sa 1/200, bayan hoton zai yi duhu. Idan aka sauko zuwa 1/30 ko 1/15, fitilu da 'yan kallo za su bayyana, mai rawa kuma ya fito sarai saboda filashi ya riƙe shi. Yawancin kyamarori ba sa daidaita da filashi in saurin ya wuce 1/200 ko 1/250, sai dai in an kunna tsari na musamman.

Wurin farawa mai kyau shi ne ISO 800 zuwa 1600, faɗin ƙofar haske f/4, sauri 1/30 zuwa 1/60. Daga nan a ɗauki hoton gwaji tun kafin a fara kiɗa, a gyara.

A cikin saitin filashi akwai zaɓin da ake kira labule na biyu. Shi ne ke sa filashi ya tashi a ƙarshen ƙiftawa maimakon farkonta. Da shi, jan layin motsin hannu ko na gyale yana zama a bayan mai rawa, yadda ido ya saba gani.

Nisa

Hasken filashi yana raguwa da sauri. In nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ke isa. Wanda ke mita 6 yana samun kashi ɗaya cikin tara na abin da na mita 2 ke samu. Dalilin ke nan da na gaba ke ƙonewa, na baya ya ɓace. Kowane filashi yana da lambar ƙarfinsa, kuma in an raba ta da lambar f sai a sami iyakar nisansa: mai lamba 36 a f/4 yana kai mita 9 a ISO 100, ya kai mita 18 a ISO 400. Ƙaramin filashin da ke jikin kyamara, balle na wayar hannu, ba ya wuce 'yan mitoci.

Juya kan filashi

Filashin da aka auna kai tsaye a fuska yana fito da ƙyallin zufa da kwalliya, yana jefa inuwa mai kauri a bango, yana kuma mai da ido ja. Idan silin fari ne kuma bai yi nisa ba, gara a ɗaga kan filashin sama, hasken ya bugi silin ya sauko da laushi. Wannan yana cin ƙarfi, don haka ana ƙara ISO. Inda rufin kwano ne mai tsawo, ko an lulluɓe shi da yadi mai launi, dabarar ba ta aiki: hasken zai ɓata ko ya dawo da launin yadin. A nan sai a ɗaura farin kati a bayan kan filashin, ko a ba wani ya riƙe shi a gefe.

Shadda mai ƙyalli da leshi mai duwatsu suna ruɗin awon kyamara. Tana ganin farin kaya sai ta rage haske, fuskar mai baƙar fata ta dushe. A duba fuska, a ƙara ƙarfin filashi kaɗan in ya kama. Lokacin hunturu kuma, ƙurar da ƙafafu ke tayarwa tana fitowa ɗigo-ɗigo fari idan filashin yana kusa da gilashin kyamara.

Fitilu da batir

Hasken filashi fari ne kamar na rana, kusan Kelvin 5500, alhali tsohon ƙwan lantarki ja-ja ne, kusan 2700. Siririyar leda mai ruwan lemo a gaban filashi tana daidaita su. Wutar lantarki a Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wasu fitilun LED da dogon ƙwai suna ƙyafƙyaf da ido ba ya gani. Saurin 1/50 ko 1/100 yana rage layukan da hakan ke jawowa. Bayan kowace walƙiya mai ƙarfi filashi yana jiran 'yan daƙiƙoƙi ya sake cika, saboda haka rage ƙarfinsa da riƙe batir na canji suna hana a rasa lokacin da ya fi muhimmanci.

Sana'a mai tarihi

Malick Sidibé na Mali ya shahara da hotunan rawar samari a Bamako a shekarun 1960, da filashi ya ɗauke su, kuma a 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a birnin Banis na Italiya. A Yamai, Philippe Koudjina ya bar hotunan wuraren rawa na shekarun bayan samun 'yancin kai. Dukansu kusa da mutane suke tsayawa, kuma mutanen sun yarda da su.

Yardar nan tana cikin aikin. A taron mata, a nemi izinin masu biki kafin a ɗauka, a kuma sake nema kafin a sa hoto a Facebook ko WhatsApp. Kada a riƙa walƙa filashi a jere a idon makaɗi ko mai rawa, domin walƙiya mai yawa a kai a kai tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu.