Kwantaccen Ciki da Matan Matafiya: Tarihin Wata Uku Na Farko

Ga maganar da muka yi da ku a shirinmu daga nan Amrigebe, mun sa ta a rubuce domin wanda yake daji ko yake kan hanya ranar da aka watsa.

Duk makiyayi ya san lissafin cikin dabbarsa. Tunkiya da akuya wata biyar, saniya wata tara da 'yan kwanaki, taguwa shekara guda har da ɗori. Masu raƙuma ma sukan gane taguwa ta ɗauka tun bayan kamar mako biyu, idan ta ɗaga wutsiya ta lanƙwasa ta sa'ad da amale ya matso. To, a tambayi mutumin nan abin da ke faruwa a jikin matarsa cikin wata uku na farko, sai ka ji shiru. Ita ma matar shiru take yi. Kunya ta hana ta faɗa, musamman cikin fari, ga kuma tsoron bakin mutane. A cikin wannan shirun ne kalmar nan ta kwantacce ta samu wurin zama, wato cikin da aka ce ya kwanta a mahaifa, ya daina girma, sai bayan shekara ɗaya ko biyu ko fiye ya tashi. Kalmar tana da tarihi, kuma tarihinta ya bi ta kan hanyar nan da kuke bi kullum.

Garin nan namu an kafa shi ne a 1900, bayan yaƙin Kuseri inda Rabe da kwamandan Faransawa Lami suka mutu rana ɗaya. Fort-Lami ake kiransa, sai a 1973 ya koma Njamena. Hausawa da yawa sun zauna a nan ne saboda hanyar Makka. Mutum zai taso daga Kano ko Katsina, ya ratsa Barno, ya haye kogi ta Kuseri, ya bi ta Ati da Abeshe, ya shiga Darfur, ya nufi bakin Bahar Maliya. Tafiyar ƙasa ce, ana yi ana tsayawa neman guzuri, kuma takan ci shekaru. Wani ya tafi da iyali, wani ya bar mata a gida. Haka fatake masu jakuna da raƙuma, haka makiyayi da ya bi ruwa da ciyawa. Mace takan zauna wata da watanni ba ta ga mijinta ba, ko a sake ta, ko ya rasu a hanya. Idan ciki ya bayyana, tambayar farko ita ce na wane ne, kuma amsar tana iya kashe mata aure, ta ɓata sunan yaro har ƙarshen rayuwarsa, ta hana shi gado.

Malaman fiƙihu sun daɗe da duba wannan matsala. Sun haɗu a kan cewa mafi ƙarancin lokacin ciki wata shida ne. A kan mafi tsawo kuwa sun saɓa. Hanafawa suka ce shekara biyu, Shafi'awa suka ce huɗu. A mazhabar Imamu Malik, wadda muke bi daga Sakkwato har Abeshe, Muhtasar na Shaihu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, ya kawo saɓani tsakanin shekara huɗu da biyar. Larabawan Magrib suna ce wa irin wannan ciki raƙid, mai barci ke nan. A zamanin da babu wata hanyar leƙa mahaifa, wannan hukunci ya zama garkuwa. Ya ba yaro uba, ya rufa wa mace asiri, ya hana alƙali yanke hukunci a kan zato.

Kada ku ɗauka tsohon zance ne. Ranar 25 ga Satumba 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin jifa da aka yanke wa wata mata da ta haihu bayan aurenta ya mutu. Cikin hujjojin da alƙalai suka dogara da su har da wannan: shekara biyar ba ta cika da rabuwarta da mijinta ba, saboda haka ana iya jingina masa cikin. A wani gefen kuma, ƙasar Maroko, su ma Malikawa ne, dokar iyalinsu ta tsayar da mafi tsawon ciki a shekara ɗaya. Hukunci dai na malamai da alƙalai ne, ba mu shiga gonarsu ba. Namu shi ne abin da jiki yake yi, domin a nan ne ake rasa rai.

Ɗan Adam ya daɗe yana neman hanyar sanin ciki da wuri. A wata takardar Masar ta dā, mai shekara fiye da 3,000, an rubuta cewa mace ta riƙa yin fitsari a kan alkama da sha'ir, in sun tsiro tana da ciki. Da masu bincike suka gwada dabarar a 1963, sai suka ga fitsarin masu ciki yakan tsirar da hatsin kusan kashi 70 cikin ɗari. A 1927 wasu likitoci biyu a Balin ta Jamus, Aschheim da Zondek, suka nuna cewa akwai wani sinadari a fitsarin mai ciki, suna gane shi ta hanyar yi wa ɓeraye allurarsa. Daga shekarun 1930 aka koma ga wani kwaɗon Afirka ta Kudu: a yi wa macen allurar fitsarin, in ta saki ƙwai kafin kwana ɗaya, ciki ya tabbata. Dubban kwaɗin Afirka aka yi ta kai wa asibitocin Turai da Amurka saboda wannan aiki. A 1958 wani likita a Gilasgo, Ian Donald, ya wallafa yadda ake ganin cikin mutum da na'ura mai aiki da amo, ita ce kakar abin da muke ce wa ekografi a nan, 'yan Najeriya kuma su ce sikanin. Gwajin fitsari na gida, kakan tsinken da kuke gani a kantin magani, ya shiga kasuwa a shekarun 1970, kuma wancan sinadarin na Balin yake nema.

Ga abin da waɗannan kayan aiki suka nuna. Likita yana fara ƙirga daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, kuma ciki yakan kai kamar kwana 280, mako 40 ke nan. A mako na huɗu, lokacin da mace take fara tunanin ɓatan wata, abin bai kai ƙwayar riɗi ba, amma ya riga ya manne a bangon mahaifa. A mako na shida ya kai ƙwayar dawa, zuciya ta fara bugawa, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yana rufewa. A mako na takwas ya kai ƙwayar gyaɗa, hannuwa da ƙafafu sun tsiro. A mako na goma ya kai dabino, yatsu sun rabu. A mako na goma sha biyu tsawonsa santimita biyar zuwa shida, kusan dukkan gaɓoɓi sun samu siffa, saura girma. Motsi kuwa uwa ba ta jin sa sai wajen mako 16 zuwa 20. Wanda ya yi karatun zaure ya san matakan da Suratul Mu'minun ta ambata, daga ɗigon ruwa zuwa gudan jini zuwa tsoka, da hadisin kwana 120. Kun ga ashe babban ginin yana faruwa ne tun ciki bai fito ba, tun maƙwabta ba su sani ba.

Ku riƙe wannan da kyau, fatake. Ƙirgan likita yana gaba da ranar shigar ciki da kamar mako biyu, tunda daga al'adar ƙarshe yake farawa. Idan ka dawo daga Maiduguri ko Marwa mako goma da suka wuce, aka ce maka cikin matarka mako goma sha biyu ne, lissafi ya yi daidai, cikinka ne. Na'urar ma takan yi kuskuren kamar mako guda a farkon ciki, in ciki ya tsufa kuskuren yakan kai mako uku. Kada takardar asibiti ta zama sandar dukan mace a hannun wanda bai iya karanta ta ba. Rahamar da malamai suka nema wa matan matafiya tana nan, kada a zubar da ita.

Jikin uwa shi ma aiki yake ba dare ba rana. Nono yakan yi tauri ya yi ciwo, fitsari ya yawaita, barci da kasala su rufe ta. Laulayi yakan fara wajen mako na shida, ya yi tsanani wajen na tara, ya lafa bayan wata uku ga mafi yawan mata. Warin nama ko na man shanu ya dame ta, yawu ya cika mata baki, kwaɗayi ya tashi. Jinin jikinta yana ƙaruwa, kafin haihuwa yakan ƙaru da kusan rabi, zuciya kuma tana ƙara gudu, shi ya sa jiri ke ɗibar ta in ta miƙe da sauri a bakin rijiya. Maigida, ba lalaci ba ne. A rage mata daka da ɗaukar ruwa, kuma ranar ƙaura a ɗora ta a kan dabba mai sanyin tafiya.

To, ciki yana kwanciya? Akwai dabbobin da ƙwan da aka ɗauka yakan tsaya wata da watanni kafin ya ci gaba, kamar wata ƙaramar barewa ta Turai. A wajen ɗan Adam likitoci ba su ga haka ba: tayin da ya daina girma ya mutu ne. Abin da ake kira kwantacce yakan zama ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan. Wani lokaci al'ada ce ta ɗauke saboda doguwar shayarwa ko yunwa ko rashin lafiya, daga baya sabon ciki ya shiga. Wani lokaci ƙari ne a mahaifa, ciki ya yi girma babu ɗa. Wani lokaci tayi ne ya mutu bai fita ba, laulayi ya ɗauke, ciki ya tsaya cak, kuma wannan kan jawo zubar jini ko ruɓa. Mafi haɗari shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa, a cikin siririyar hanyar ƙwai. Yakan sami mace ɗaya ko biyu cikin ɗari masu ciki, kuma in hanyar ta fashe, jini yana zuba ta ciki inda ido ba ya gani. Saboda haka in an ga jini, ko ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, ko suma, ko zazzaɓi, ko aman da ko ruwa ba ya zama, a nemi mota ko babur a lokacin, kada a jira gari ya waye. Mafi yawan ɓari kuma a wata ukun nan yake faruwa, galibi saboda tangarɗa a halittar tayin tun farko. A daina ɗora wa kishiya ko uwar miji.

Tarihi ya kuma koya mana tsoron magani a wannan lokaci. Daga 1957 zuwa 1961 an sayar da wata ƙwaya mai suna talidomaid a Jamus da wasu ƙasashe, mata suna sha don laulayi. Jarirai fiye da 10,000 aka haifa da nakasa, da yawa hannuwa da ƙafafu ba su cika ba, kuma ɓarnar tana faruwa ne cikin 'yan makonnin farko. Ku tuna da wannan in dokta shuku ya buɗe jakarsa a kasuwa, ko aka miƙo jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba. Akwai kuma labari mai daɗi: a 1991 wani babban bincike da aka jagoranta daga Ingila ya tabbatar cewa ƙwayar folik asid tana rage haihuwar yara masu buɗaɗɗen gadon baya ƙwarai. Amfaninta a makonnin farko yake, har ma tun kafin ciki ya shiga.

Ku makiyaya, kun san bakkale da ke sa shanu ɓari. Tana kama mutum ta ɗanyar madara da taɓa mabiyiyar dabba, haka ma zazzaɓin Rift da ya ɓulla a jihar Tawa ta Nijar a 2016. Mai ciki ta sha madarar da aka tafasa, kuma kada ta sa hannu a haihuwar dabba ko ɓarinta. Ta kwana a gidan sauro. Ƙwayar rigakafin zazzaɓin sauro ta masu ciki ana fara ba da ita ne bayan wata uku, a wurin awo.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa a Chadi mata 1,063 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000, a Najeriya 1,047. Ƙasashen biyu suna cikin uku mafi muni a duniya. Hukumar ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko kafin mako 12 ya wuce. Mun san nisa matsala ce, amma an taɓa kai lafiya har ruga: daga shekarar 2000 likitocin dabbobi da na mutane sun yi ta fita tare a Shari-Bagirmi da Kanem, ana yi wa shanu rigakafi, ana yi wa yara da mata nasu a zango ɗaya. In irin wannan ayari ya iso muku, ku fito da mata. In kun shigo Njamena da kaya ko da dabbobi, ƙananan asibitocin unguwa suna awo, abin da ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Uwa da Yaro. Katin awo kuma a riƙa tafiya da shi kamar takardar shaida, ko za a haye gadar Ngeli, domin ungozomar Kuseri ta san inda ta Njamena ta tsaya.

Uwargida, ba sai kin sanar da unguwa ba. Ki ƙulla ranar al'adarki ta ƙarshe da wata alama da ba za ki manta ba, ranar kasuwa ko tsayuwar wata, ki faɗa wa mutum biyu: maigida da ungozoma. Maigida, kafin ka ɗaura kaya, ka bar kuɗin mota da lambar wayar wanda zai kai ta asibiti. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.