Yadda Ƙuduji Ya Yi Kaka-Gida a Gonakin Gwarzo da Kabo

Zangarniyar kaura da ta ƙoshi da taki da ruwa ba ta cika wuce ƙwaya dubu biyu ko uku ba. Ƙuduji guda da ya tsiro a gindinta, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yakan zubar da iri 50,000, wani lokaci ma ya ninka haka. Irin ƙanana ne kamar ƙurar hunturu, kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 bai mutu ba. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo a ƙarshen damina ya san furen nan ja-ja mai ɗaukar ido da ke cika kunyoyin dawa. Baƙo ya ce kyau, mai gona kuwa ya san an riga an gama da shi.

Tsiron yana da wayo. Ko ruwa ya jiƙa irin, ba ya motsawa sai saiwar shuka irin su dawa, gero ko masara ta matso daf da shi ta fitar da wani sinadari. Sannan ya tsira, ya maƙale a saiwar, ya shafe makonni yana tsotson yabanya a ƙarƙashin ƙasa kafin ya leƙo. Idan ya tsira bai sami inda zai maƙale ba, cikin 'yan kwanaki ya mutu. A nan ne kaɗai yake da lago.

Mutanen da sun san shi sarai, amma bai fi ƙarfinsu ba. A yammacin Kano, nesa da cunkoson da ke kewaye da birni, gonar da ta gaji akan bar ta saura ta huta. Makiyaya kan kwana da shanu a gona bayan kaka, jakuna na kai taki a mangala. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, auduga ma ta samu kasuwa, sai kaso mai yawa na gonaki ya koma hannun waɗannan biyun. Manomi kuɗin haraji da na biki yake nema, amma ba da saninsa ba yana yi wa ƙuduji ɓarna: saiwar auduga na tayar da irin daga barci, ba ta kuma ba shi wurin kamawa. Daga saiwar audugar ne ma masana a Amurka suka fara tace sinadarin a 1966.

Farin 1972 zuwa 1974 ya sauya lissafi. A 1975 kuturtar gyaɗa ta cinye kusan hekta 700,000 a Arewa, mutane suka ja baya da gyaɗa, suka koma wa abin da za a zuba a rumbu. A shekarar ce aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, can gaba da Dayi da Malumfashi, sannan hukumar raya noma ta KNARDA ta biyo baya a Kano a 1982. Masara ta tashi daga bayan gida ta shiga manyan gonaki. Muddin takin zamani na araha, ɓarnar ƙuduji ta ɓuya, domin hatsin da ya ƙoshi ba ya fitar da sinadarin sosai. Da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, aka kuma janye tallafin taki a 1997, sai asiri ya tonu: shekara da shekaru ana bin hatsi da hatsi a gona ɗaya, ƙasa ta cika da iri.

Mu ma mun hayayyafa, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Ƙidayar 2006 ta ba Gwarzo mutum fiye da 183,000, Kabo fiye da 153,000, wato sama da mutum 400 a kowace murabba'in kilomita. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma na haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaici. Gandun da uba ya noma shi kaɗai an raba wa magada, kowa ya sami ɗan yanki. Wa zai bar saura a haka?

Masana sun yi nasu. Cibiyar IITA ta buɗe reshe a Kano a 1990, inda Dakta B.B. Singh ya yi aiki kan wake, wanda shi ma yake da nasa ƙudujin daban da na dawa. Daga wani wake na ƙasar Botsuwana mai lamba B301 aka samo jinin da ƙuduji ba ya iya kamawa, aka yi ta aure da shi har aka fitar da SAMPEA 10 tare da cibiyar IAR ta Samaru a 2008. An fitar da masara mai jurewa irin su SAMMAZ 15 da 16. Malaman gona kuma na ta jan hankali a sa waken suya bana, hatsi baɗi, wanda a gaskiya aikin da auduga ta daɗe tana yi ne.

A ganina matsalar ta lokaci ce. Amurka ta ga wani jinsin ƙuduji a jihohin Karolina a tsakiyar shekarun 1950, ta killace gonaki, ta riƙa ɗura iskar gas a ƙasa don irin ya tsira ya mutu, ta kashe fiye da dala miliyan 200 cikin gomman shekaru kafin ta kusa ganin bayansa. Mu kuwa shirin tallafi shekara uku ko huɗu yake yi ya tattara. Tuge ƙuduji kafin ya yi fure, a tara a ƙone, ba ya ƙara wa manomi ko dami ɗaya a wannan kakar, tunda ya riga ya sha abin da zai sha; amfanin sai gaba. Wanda ke noma gonar aro, haya ko jingina, bai san ko baɗi tana hannunsa ba, da wuya ya biya 'yan ƙwadago su yi wannan aikin. Ko ya yi, maƙwabcinsa na iya barin nasa ya bushe a tsaye, awaki su bi ta ciki da rani, ruwan farko ya kwaso sauran ya gangaro da shi kunyar da aka share.